Zuwa ga Jakadan da Ya Tambayi Amfanin Bincikenmu

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa. A ƙarshen laccar da na gabatar kwanakin baya ka miƙe a gaban jama'a ka ce ka shafe fiye da shekara talatin a aikin diflomasiyya, amma ba ka tuna ko da rana ɗaya da kuka buɗe mujallar jami'a kafin ku yanke shawara ba. Sai ka tambaye ni: mu malaman hulɗar ƙasa da ƙasa, wa muke yi wa rubutu? Lokaci ya ƙure a ranar, amsar da na ba ka kuma ba ta gamsar da ni kaina ba. Tun da a bainar jama'a ka yi tambayar, ga amsar a bainar jama'a.

Da farko dai kana da gaskiya a kanmu. Mun saba rubuta wa junanmu. Ƙarin girma a jami'a ya dogara ne a kan yawan maƙalun da mutum ya buga a mujallun da abokan sana'arsa kaɗai ke karantawa, kuma maƙala kan yi shekara biyu tana jiran fitowa, lokacin rikicin da take magana a kai ya riga ya sauya kama. Wani jami'in ma'aikatar harkokin waje ya taɓa neman in rubuto masa shafi biyu a kan wani rikicin kan iyaka, ni kuwa na aika masa da shafi arba'in. Bai sake nema na ba, har yau kuma abin yana damuna, domin laifin nawa ne. Joseph Nye na Jami'ar Harvard, wanda ya koyar kuma ya riƙe muƙami a ma'aikatar tsaron Amurka, ya yi irin wannan kuka a 2009: ya ce malamai sun koma 'yan kallo, kuma su suka jawo wa kansu.

Inda na saɓa da kai shi ne ma'aunin da ka ɗauka. Ranar da rikici ya ɓarke babu mai buɗe littafi, kuma bai ma kamata a buɗe ba. Henry Kissinger, wanda ya bar aji ya zama mai ba shugaban Amurka shawara kan tsaro a 1969, ya rubuta cewa babban muƙami cinye jarin ilimin da mutum ya shigo da shi yake yi, ba ya ƙara masa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ke cikin kan jakada a daren da aka tashe shi da waya, shekaru kafin nan aka zuba shi, a aji ko a wani littafin da ya manta sunansa.

Dubi Francis Deng, masani kuma tsohon jakadan Sudan. A 1992 aka naɗa shi wakilin Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya kan mutanen da rikici ya raba da gidajensu a cikin ƙasashensu. Sau da yawa in ya nemi isa ga waɗannan mutane, sai gwamnati ta kafa hujja da 'yancin kanta, ta ce harkar cikin gida ce. Shi da abokan aikinsa a cibiyar bincike ta Brookings da ke Amurka suka juya hujjar a littafin da suka fitar a 1996: ikon ƙasa amana ce, wanda ya kasa kare jama'arsa ba zai fake da shi ba. A 2001 wani kwamiti da Kanada ta kafa ya ɗora a kan wannan tunani, a 2005 shugabannin duniya suka amince da "alhakin ba da kariya" a taronsu na New York. Shekara tara ke nan daga littafi zuwa matsayar duniya. Jakadun da suka yi ta ja-in-ja a kan kalmomin wannan matsaya, ko sun karanta Deng ko ba su karanta ba, a kan tunaninsa suke muhawara.

Sai dai labarin bai ƙare da daɗi ba, kuma ba zan ɓoye wannan ba. A 2011 aka kafa hujja da wannan ƙa'ida a ƙuduri mai lamba 1973 na Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya kan Libiya, aikin kare fararen hula ya rikiɗe ya zama kifar da gwamnati, ƙasashe da dama suka ɗebe yarda da ita. Tunani in ya bar hannun mai shi, mai ƙarfi ne ke fassara shi.

Akwai kuma ranar da malamai suka yi duk abin da kuke nema a wurinmu. A watan Satumba na 2002, masana 33, cikinsu har da Kenneth Waltz da John Mearsheimer da Stephen Walt, suka sayi fili a jaridar New York Times. Gajeren rubutu ne, cikin harshen da kowa zai gane, kuma ya zo a kan kari. Suka ce yaƙi da Iraƙi ba maslahar Amurka ba ne, babu wata hanyar fita da aka tanada, kuma Iraƙi al'umma ce mai rarrabuwar kai da sai an yi shekaru ana mamaye da ita. A watan Maris na 2003 aka shiga yaƙin. A nan ba tsawon maƙala ba ne ya hana a ji. An riga an yanke shawara, masanin da ake nema a lokacin shi ne wanda zai sa mata albarka.

Wannan ne ya sa nake tsoron maganin da aka fi kawowa, wato a kwashi malamai a ba su ofis. McGeorge Bundy shugaban tsangaya ne a Harvard, Walt Rostow malami ne a jami'ar MIT, dukansu sun riƙe kujerar mai ba shugaban Amurka shawara kan tsaro, dukansu kuma suna cikin waɗanda suka zurfafa Amurka a yaƙin Biyetnam. Ilimi bai yi musu ƙaranci ba. Wanda ya shiga ɗakin shawara yakan fara auna kalmarsa da tsoron kada a daina gayyatarsa. Dole wasunmu su shiga, amma dole wasu su tsaya a waje inda za su iya cewa a'a ba tare da sun rasa komai ba.

Alexander George na Jami'ar Stanford ya rubuta littafi guda a kan giɓin da ke tsakanin malamai da masu yanke shawara a 1993, kuma ra'ayinsa nake bi. Ya ce bincike ya fi amfani wajen gano cuta fiye da rubuta magani. Zan iya gaya maka a wane irin yanayi takunkumi ya taɓa sa wata gwamnati ta sauya hali, da inda talaka kawai ya jigata. Zan iya gargaɗinka in ka kwatanta abokin hamayyarka na yau da wani na tarihi alhali ba su yi kama ba. Amma ko majalisa za ta yarda, ko akwai kuɗi, ko maƙwabta za su mara baya, wannan kai ka san shi, hukuncin kuma naka ne.

Yanzu ga roƙona, domin gadar daga ɓangarenku ma a karye take. Ba ma iya nazarin abin da aka kulle. Amurka na buga takardun hulɗarta da ƙasashen waje tun 1861, kuma dokar 1991 ta wajabta a fitar da su cikin shekara talatin. Birtaniya ta rage wa'adin nata daga talatin zuwa ashirin. A ƙasashe da yawa kuwa ba a buɗewa sam, har ta kai ɗalibi yana rubuta tarihin manufofin ƙasarsa daga abin da jakadun wasu ƙasashe suka rubuta a kanta. Sannan yawancin jakadu sukan yi ritaya su tafi da abin da suka sani, ba su bar ko shafi ɗaya ba.

Ka sa baki a buɗe tsofaffin fayiloli, ka kuma zauna ka rubuta abin da ka gani. In ka amince, ka zo ajina a zango mai zuwa da shawara guda da kuka taɓa yankewa cikin gaggawa, ka faɗa wa ɗalibai abin da kuka sani a daren da abin da ba ku sani ba. Ni kuma zan kawo abin da bincike ya ce a kan irinta, a shafi biyu.

Allah ya ƙara girma da lafiya.

Naka,
Malamin da ka yi wa tambaya