Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Harkokin Cikin Gida: A Bar Mu Mu Ji Muryar Namu Da Ke Tsare

Mai girma Minista, Honorabul Olubunmi Tunji-Ojo, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni malamar firamare ce, kuma yayar wani matashi da ya shekara biyu da wata huɗu yana jiran shari'a a ɗaya daga cikin gidajen gyaran hali na Arewa. Ba zan faɗi sunansa ba, ba kuma zan faɗi gidan ko garin ba. Mai ɗan'uwa a hannu sai ya auna magana kafin ya furta ta.

Ban zo wanke ƙanena ba. Faɗa aka yi a unguwa, aka ji wa mutum rauni, aka kwashi samari, yana ciki. Ko da hannunsa ko babu, alƙali ne zai faɗa, in ranar ta zo. Shi dai yana cikin wannan kaso mai yawa, kusan biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a Najeriya, waɗanda ba a yanke wa hukunci ba tukuna. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne mu da muke waje, da hanyar da muke bi mu kai gare su.

Ranar ziyara tun daren jajibere take farawa. Inna ta yi dambu saboda yana kwana biyu bai lalace ba, a ɗaure garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari, a haɗa da sabulu da man shafawa da maganin ƙaiƙayi, don ƙazuwa ba ta barin ɗakin da mutane suka yi cunkoso. Da asuba in hau mota, in sauka in hau wata, in ƙarasa a adaidaita. A bakin ƙofa layi ne a rana, galibi mata: uwaye, matan aure da goyo, 'yan mata da aka aiko da kwano. A bincike kaya, a ce ki ɗanɗana abincin da kika kawo a gabansu. Wannan ban taɓa jin haushinsa ba, na san dalili. Abin da ke ci mini rai shi ne ƙa'idar ba ta da tsayayyen matsayi. Abin da aka karɓa wancan mako, wannan makon an hana. Wata rana a ce lokaci ya wuce, sai wani ya matso kusa ya yi maganar na goro, lokacin ya dawo. In kin samu shiga, 'yan mintoci ne ta bayan ragar ƙarfe, mutum goma na magana lokaci guda, kowa na ɗaga murya. Kin yi tafiyar rabin yini, kin dawo ba ki tabbatar ko ya ji abin da kika ce ba.

Gaskiya ɗaya ce, akwai gandirobobi na kirki. Akwai wanda duk ranar da ya ga Inna sai ya ɗauko mata benci ya ce, "Mama, zauna a inuwa, zan kira ki." Har gobe tana sa masa albarka. To amma bai kamata hutun tsohuwa ya rataya a kan wanda aka dace yana bakin ƙofa ba.

Ranka ya daɗe, na san a 2024 an ɗaga kuɗin ciyar da kowane ɗan kaso daga naira 750 zuwa naira 1,125 a rana. An yi ƙoƙari, ban raina ba. Sai dai duk macen da ke cefane ta san inda naira 1,125 ke tsayawa in aka ce a yi ci uku da ita. Giɓin da ya rage, kwanukan da ke layi a bakin ƙofa ne ke cike shi. Mu ne ke kai sabulu, mu ne ke sayen magani, mu ne ke bin lauya da kuɗin mota, mu ne ke riƙe da 'ya'yansu. Babu takardar kasafin da aka rubuta mu a ciki, amma da za a wayi gari iyalai sun daina zuwa, kafin wata guda hukuma za ta gane nauyin da muke ɗauke mata. Wanda ke ɗauke maka kaya haka, ai ya cancanci a riƙa sanar da shi inda aka kai nasa.

Wata Asabar na je da kwanona aka duba littafi aka ce ba ya nan. Ina yake? An mayar da shi wani gida. Wane? Wanda ya sani ba ya nan, ki dawo ranar Litinin. Kwana goma sha ɗaya muka yi ba mu san inda yake ba. Inna ta daina cin abinci, ta ce in mutuwa ya yi a faɗa mata ta yi masa addu'a. A dare na goma sha ɗaya wata baƙuwar lamba ta kira ni, na ji muryarsa ƙasa-ƙasa, cikin sauri: "Yaya, ni ne, ina wuri kaza, ki gaya wa Inna lafiyata lau." Aka katse. Daga baya na ji abin da ya biya don wannan rabin minti, da kuma hukuncin da zai sha da an kama shi.

Ka ga inda gizo ke saƙar. Ana kama wayoyi a gidajen yari, ana hukunta masu shigar da su, kuma daidai ne, don akwai masu shirya ta'asa da damfara daga ciki. Amma mafi yawan masu neman wayar nan ba wani abu suke so su ce ba face "lafiyata lau" da "yaya jikin Baba". Muddin babu halastacciyar hanya, ta bayan fage ba za ta rasa kasuwa ba, kuma mai kuɗi ne zai ci moriyarta. Shi ya sa babban roƙona shi ne a sa wayar hukuma a kowane gida. A yi wa kowane ɗan kaso rajistar lamba biyu ko uku na iyalinsa, a tantance su, a ba shi mintoci biyar ko goma a mako, jami'i na zaune yana ji. Mu za mu biya kuɗin kiran, bai kai kuɗin motar zuwa ɗaya ba. Haka kuma duk ranar da aka sauya wa mutum gida, ko aka kwantar da shi asibiti, a tura saƙon tes ga lambar da ya bayar. Ƙasar da banki ke sanar da kai an cire naira hamsin daga asusunka cikin daƙiƙa ba za ta gaza sanar da uwa an ɗauke ɗanta ba.

Ba sabon abu na ƙirƙiro ba. A Disamban 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin kula da fursunoni da aka sa wa sunan Nelson Mandela. Ta 58 ta ce a bar ɗaurarre ya riƙa hulɗa da iyalinsa a kai a kai, ta wasiƙa, ta waya inda akwai, da kuma ziyara. Ta 68 ta ba shi haƙƙin sanar da su nan take in an sauya masa wuri ko ya yi rashin lafiya mai tsanani. Ta 70 kuwa ta ce in makusancinsa ya rasu a gaya masa ba tare da jinkiri ba. Mai sunan ya san zafin abin. Yana tsibirin Robben mahaifiyarsa ta rasu a 1968, babban ɗansa ya rasu a haɗarin mota a 1969, duka biyun aka hana shi zuwa jana'iza.

Wannan ta 70 ɗin ita ta fi tsaya mini a rai. Mahaifinmu ya rasu ƙanena na ciki. Mu nan ba ma ajiye gawa, a rasu da hantsi kafin la'asar an kai mutum makwancinsa, don haka ban ma yi mafarkin za a kawo shi ya sallaci uban ba. Amma da akwai waya, da ya ji a ranar, daga bakin Inna, da ya yi alwala ya yi masa addu'a lokacin da ake binne shi. Sai bayan sadakar bakwai na samu zuwa. Na gaya masa ta bayan ragar ƙarfe, cikin hayaniya, sai da na maimaita sau uku da ƙarfi kamar mai talla, don bai ji ba. Da ya ji, bai ce komai ba, ya dafa ragar da hannu biyu. Aka ce lokaci ya yi.

A 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta sauya sunan hukumar daga ta gidajen yari zuwa ta gyaran hali. Kai kuma a Nuwamban 2023 ka jagoranci tara naira miliyan 585 aka biya tarar mutum 4,068 aka sallame su. Na yi murna ranar, ko da yake nawa ba ya ciki. Amma na tambayi kaina, da aka buɗe musu ƙofa ina suka nufa? Wanda uwarsa ke jin muryarsa, matarsa ta san halin da yake ciki, yana da inda zai sa kai. Wanda aka yi shekaru ba a ji ɗuriyarsa ba, matar ta kai ƙara an raba auren, 'ya'ya sun watse gidajen dangi, shi tasha zai koma ya kwana, kuma abokan da zai samu a can su ne za su mayar da shi inda ya fito.

Mu ma muna da namu laifin, ba zan ɓoye ba. Muna cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, amma a layin nan na ƙirga maza ba su kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Kawunai da baffanni kunya ta hana su. 'Yar ƙanena mai shekara biyar har yau ce mata ake yi babanta ya tafi ci-rani Kudu. Na so in kai ta, amma ina tsoron abin da za ta gani. Da za a ware ɗaki guda mai tabarma, inda yaro zai zauna a cinyar ubansa na minti goma ba raga a tsakani, da na daina yi mata ƙarya.

Ana ta maganar fitar da tsofaffin gidajen yari daga tsakiyar birane, kamar na Kurmawa da ke cikin birnin Kano, zuwa sababbi irin na Janguza a kan hanyar Gwarzo mai ɗaukar mutum 3,000. Cunkoso ya isa dalili. Ina dai roƙon a tuna cewa tsohuwar da ke takawa da ƙafa ta kai kwano za ta koma neman kuɗin mota, wata kuma za ta daina zuwa ke nan. In za a nesanta gini, a kusanto da waya. Sannan a rubuta ranakun ziyara da lokutanta da abin da aka yarda a shigar, da Hausa da harshen kowane yanki, a kafe a bakin ƙofa, a ƙasa a rubuta cewa ziyara kyauta ce, tare da lambar kai ƙorafi da ake ɗauka in an kira.

Inna gwiwoyinta sun hana ta shiga mota tun bayan sallar layya. Rabonta da muryarsa wata bakwai. Wayarta kullum tana cike da caji a gefen dardumarta, ba ta yarda jikoki su taɓa, wai kada baƙuwar lambar nan ta sake kira a samu layi a rufe. Asabar mai zuwa ni ce da tafiya, ta riga ta aika a niƙo tsakin dambu.

Allah ya yi maka jagora.

Daga yayar wani ɗan jiran shari'a.