Ladi Kwali da matan da ba a rubuta sunansu ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan Ladi Kwali, matar nan da ke bayan takardar naira ashirin tana ginin tukunya. Murtala da ke gaba kowane yaro ya san shi, amma ita sai ka ji an ce "matar ashirin", balle yanzu da ashirin ɗin ko fiya wata ba ta saye, wa zai tsaya duba bayanta?

Bagwariya ce 'yar garin Kwali, wajen gwaggonta ta koyi ginin tukwane, da hannu kawai ba inji, ta ɗora laka tana zagayawa har randa ta tashi sannan ta zana mata ƙadangare, kunama, kada, hawainiya, kifi. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya gane darajar aikinta tun da wuri, a fadarsa Bature Michael Cardew ya ga tukwanenta, shi ne a 1954 ta shiga makarantar tukwane da ya buɗe a Abuja ta da, wato Suleja, ita ce mace ta farko. An kai kayanta Landan, ita kanta ta je Amurka tana gini a gaban jama'a, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977 alhali ba ta yi boko ba. A Minna ta rasu, 1984.

Wani abu ma, randunanta da aka shafa wa sinadarin ƙyalli a makarantar aka gasa da wuta mai ƙarfi sun daina sanyaya ruwa tunda ruwa ba ya tsattsafowa ta jikinsu, sun koma kayan ado, su ne kuma suka yi tsada.

Abin da ke ci min rai shi ne Ladi ta yi sa'a ne an rubuta sunanta. Ina sauran? Masu zanen ƙwarya, masu saƙar faifai, matan da ke zaune cikin gida suna ɗinkin hula dillali ya ɗauka ya kai kasuwa, ka shiga gidan tarihi ka ga kayansu an rubuta sunan ƙabila da gari shi ke nan, kamar daga sama suka faɗo.

Ina roƙon a sa tarihinta a darasin firamare, ku kuma 'yan jarida in kun je ɗaukar hoton mai sana'a ku tambaye ta sunanta da na wadda ta koya mata, in ta yarda ku buga.

Wassalam,
Wata mai karatu daga Suleja