Rahoton Ayyukan Shekara: Filayen da Waya da Bututu Suka Ratsa

Assalamu alaikum 'yan'uwa membobi.

Bana kusan duk zaman kwamiti a kan magana guda ya ƙare: filin da wayar lantarki, bututu ko ramin wayar intanet ya bi ta ciki.

Mun fara da awo. Muka ɗauki tef muka bi gonaki da fulotan da ke kusa da manyan turakun wuta. Ƙa'ida ita ce layin 330kV yana da hanya mai faɗin mita 50, wato 25 kowane gefe, na 132kV kuwa mita 30, kuma ba a gini a ciki. A wani wuri muka tarar da wani dattijo ya kai gininsa linta, waya tana ƙugi a saman kansa. Dillali ne ya sayar masa da araha. Da muka nuna masa inda tef ya tsaya, sai ya zauna kan bulo ya yi shiru. Wanda ya yi gini bayan an riga an keɓe hanya ba ya da diyya, kuma wannan ne ya fi yi mana ciwo a shekarar.

Sai batun diyya, inda da yawanmu ke da gurguwar fahimta. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa amana a hannun gwamna, ta kuma ba shi ikon karɓe fili don amfanin jama'a. Abin da ake biya shi ne abin da ke kan filin: gini, amfanin gona, itatuwa. Shi ya sa muka zauna da masu gonakin da ke hanyar bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, muka koya musu ƙirga kowane mangwaro da ɗorawa, a ɗau hoto, dagaci ya sa hannu, tun kafin katafila ta iso.

Ramin wayar intanet da wani ɗan kwangila ya bari a gaban shaguna da damina, sai da muka rubuta takarda sau biyu aka cike shi. Masu tambaya ko mai shago yana da rabo a kuɗin binne wayar kuma su sani, Naira 145 ɗin da aka tsayar kamfani ya biya kan kowace mita ta wayar intanet kuɗin gwamnatin jiha ne, ba na mai shago ba.

Neman lauya na dindindin bai yiwu ba, asusu ya yi ƙasa. Masu bashin kuɗin wata su ga ma'aji kafin taro mai zuwa, kowa kuma ya zo da kwafin takardar filinsa.