Zuwa ga Edita: a daina jibgar yara da sunan sifarin

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Dan Allah ka ɗan ba ni fili a shafin wasiƙu in amayar da abin da ke cina, don yau kwana biyar kenan ina juya shi a raina.

Ɗan ƙanwata ne, yaro ɗan shekara 15, wata biyu kacal da shiga wani kulob na koyon naushi da shuri a unguwarsu, ranar Asabar ya dawo gida leɓe a fashe yana cewa kansa na sarawa, cikin dare ya yi amai har sau biyu. Da gari ya waye na je na samu kocin nasu, sai yake ce min wai ai sifarin suka yi, wato gwajin faɗa tsakanin ɗalibai, ya haɗa shi da wani ƙato da ya shekara huɗu yana yi kuma ya ce kar ya raga masa don yaron ya yi tauri, wai kuma haka ake yi ko'ina a duniya. To wannan ko'ina a duniyar ita ta fi ƙona min rai wallahi, don ni dai na ɗan ga duniyar, kuma ba haka na gani ba.

Na yi shekara shida ina aikin wayarin a wani kamfani a Jidda, kuma rabin abokan aikinmu 'yan Filifin ne. A cikinsu akwai wani dattijo mutumin tsibirin Sebu, duk Juma'a da yamma sai ya fito da sandunansa bayan masaukinmu yana koya wa 'yan ƙasarsu wasan sanda, ni da nake ganin kaina jikan makiyaya na ce sanda kuma ai tamu ce, na shiga. Ranar farko na gane ban san komai ba. Wasan suna ce masa Arnis, wasu su ce Eskrima wasu Kali, kuma ba ƙaramin abu ba ne a wajensu, a 2009 shugabarsu ta lokacin Gloria Arroyo ta sa hannu a doka mai lamba 9850 da ta mai da shi wasan faɗa na ƙasa. Sandar ta ratan ce, irin abin nan da ake saƙa kujeru da shi, tsawonta kamar inci 28, ba ta da nauyi sosai kuma in ta gaji ba ta tarwatsewa ta soki mutum, zarewa take yi kamar tsintsiya, shi ya sa suka zaɓe ta don koyo suka ajiye katako mai nauyi irin kamagong a gefe. Ka ga tun daga zaɓen sandar ma an fara tunanin lafiyar ɗan koyo.

Abin da nake so kocin nan ya ji shi ne, na yi kusan wata takwas a hannun dattijon nan kafin ya bar ni na tsaya da wani muna kai wa juna duka yadda muka ga dama. Wata takwas fa! Kafin nan sai kusurwoyin duka goma sha biyu, sai sinawali da ake yi da sanda biyu kamar ana saƙa, sai sumbrada, kai ka kawo in tare in mayar maka ka tare, a hankali a hankali ana ƙara sauri har hannu ya riƙa tarewa kafin kai ya yi tunani. In ya ga babba ya fara huce haushinsa kan sabon shiga, shi da kansa zai karɓi sandar yaron ya tsaya gaban babban, daga ranar ba ka sake gani.

Kuma kar a ce mutanen nan tsoron duka suke. Kakanninsu sun yi abin da suke kira juego todo, mutum biyu da sanda ba hula ba komai sai wani ya faɗi ko ya miƙa wuya, an karya hannuwa an fasa kawuna ba adadi. Su da suka san abin daga tushe su ne suka zauna suka nemi hanyar da za a gwada gwaninta ba tare da an nakasa juna ba. Kulob ɗin Doce Pares da aka kafa a Sebu a 1932 yana cikin waɗanda suka ja gaba, kuma a Sebun ne dai aka kafa ƙungiyar wasan sandan ta duniya mai suna WEKAF a 1989.

Nan ne fa zancen ya yi daɗi, don har yau su kansu ba su gama gardama a kai ba. A tsarin WEKAF za a sa maka hular kwano mai ragar ƙarfe a fuska, da riga mai kauri kamar katifa, da safar hannu, a ba ku sandar ratan ta gaske, turmi uku na minti ɗaya ɗaya, alƙalai na ba da maki goma kamar a boksin. Lafiya lau ake tashi, amma matsalar ita ce tunda duka ba ya shiga jiki sai ka ga mutum biyu sun tsaya ƙirji da ƙirji suna ta luguden juna kamar mata na sussukar gero, ba mai tarewa ba mai kaucewa, alhali da ba rigar nan dukan farko a ka ya gama zance. Sai wasu suka ce to a naɗe sandar da soso a rage kayan jiki, duk wanda ya fara taɓa wani da kyau a tsayar a ba shi maki. Wannan ya gyara ƙafa da lissafin tazara, amma shi ma sai ya koma kamar wasan taɓa ni in taɓa ka, mutum na cin maki da dukan da ko kaza ba zai kayar ba. Can a Kalifoniya ta Amurka kuma wasu da ke kiran kansu Dog Brothers tun wajen ƙarshen shekarun 1980 suka ce su duk ba su yarda ba, hular wasan takobi kawai da safar hannu, sanda ta gaske, ba alƙali ba kofi, in an kai ƙasa a ci gaba da kokawa. Na kalli bidiyonsu a YouTube da yawa, abin ba kyan gani. Amma ka lura, manya ne da suka shekara suna koyo, kowa da ƙafarsa ya zo, ba kullum suke yi ba taro ne na lokaci lokaci, kuma sharaɗinsu shi ne a tashi ana abokai, kowa ya koma gida da hankalinsa. Ko su da ake ganin sun fi kowa ganganci ba sa kamo yaron wata biyu su miƙa wa ƙato.

Ni abin da na fahimta a shekarun nan, kowane irin sifarin akwai ƙaryar da yake yi maka. Mai riga ya ce maka duka ba zafi, mai soso ya ce maka taɓawa ta isa, mai tsanani kuma ba ka iya yinsa sau da yawa balle ka koyi wani abu. Malamin kirki shi ne wanda ya san ƙaryar kowanne yake jujjuya su gwargwadon matakin ɗalibi. Dattijon nan yakan sa mu yi zagaye guda hannu kawai ake nema, don a wajensu dukan hannun da ke riƙe da makami shi ne cire wa maciji haƙori, wani zagayen kuma ɗaya na kai hari ɗaya na tarewa kawai. Ko da yaushe akwai abin da ake nema a koya, ba wai a ga wa ya fi wani ba.

Sauran wasannin ma haka ne. Jigoro Kano da ya kafa judo a Japan a 1882, dabararsa ita ce ya ware dabarun da ke nakasa mutum ya hana yinsu a gwajin da suke kira randori, sauran kuma a yi su da dukkan ƙarfi, shi ya sa ɗalibansa suka yi fice. 'Yan damben Tailan da ake jin tsoron gwiwarsu da ƙwaurinsu, je ka ga sifarin ɗinsu, wasa da dariya ne kamar 'yan uwa, saboda suna hawa fage akai akai kuma da jikin suke ci, ba mai yarda ya ji ciwo a banza. Max Holloway na UFC, gasar faɗan nan da ke haɗa naushi da shuri da kokawa, da bakinsa ya ce ya daina sifarin mai ƙarfi, kuma a Janairun 2021 ya fito ya yi wa Calvin Kattar ruwan duka 445, tarihin da aka kafa a gasar. Eh na sani a Holan akwai wuraren da ake sifarin kamar ana yaƙi, amma ƙwararru ne da ƙwararru.

Kocin ya kuma kare kansa da cewa ai yaron na sanye da hula. Malam Edita hula tana hana yanka da kumburi ne, ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza a cikin ƙoƙon kai, har ma hukumar damben Olamfik ta lokacin wato AIBA ta cire wa manyan maza ita a 2013, a gasar Rio ta 2016 ba hula suka yi. Wani zai ce to 'yan dambenmu na gargajiya fa da ba su san hula ba? Ai ko a gidan dambe ba a ɗauko ɗan koyo a haɗa shi da shago, sa'a da sa'a ake nema, kuma akwai masu rabawa.

Roƙona ga jaridarku, ku tura wakilinku na wasanni ya zaga irin waɗannan kulob da suka cika gari yanzu, ya tambaye su wa ya ba su shaidar koyarwa, wata nawa yaro ke yi kafin a sa shi sifarin, ana duba nauyi da shekaru kafin a haɗa su, akwai robar kare haƙori, kuma in yaro ya bugu a ka kwana nawa ake ba shi hutu. Iyaye ma dan Allah ku riƙa leƙawa ba sai an kawo muku yaro a jigace ba.

Yaron dai da sauƙi Alhamdulillah, likita ya ce ya huta sati uku ba gudu ba tsalle kuma ya rage kallon waya. Uwarsa ta rantse ba zai koma ba, shi kuma kuka yake yana son abinsa. Na ce ta bari ya warke tukuna, sandunana biyu da na taho da su daga Jidda suna nan a bayan wardirob, zan fara masa da kusurwa ta ɗaya.

Nagode da fili.
Mai karanta jaridarku a kullum, daga Zariya