A riƙa tunawa da masu riƙon marayu

Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku kan marayun da rikicin ƴan bindiga ya bari a Zamfara, sai dai ban ga an taɓo mutanen da ke riƙon su ba.

Nan Gusau zai yi wuya ka shiga unguwa ba ka samu gidan da aka kawo yara daga Maru ko Tsafe ko Zurmi ba, yawanci wajen goggo ko kawu ko kaka, wacce ita kanta da ƙyar take ci, ga kuɗin makaranta ga asibiti kuma ba mai leƙo su sai azumi ya zo a raba shadda a ɗau hoto, shikenan.

Shawarata, Hukumar Zakka da Waƙafi ta haɗa kai da masu unguwanni a yi rijistar gidajen nan, tallafin ya zama na wata-wata. A riƙa tara masu riƙon lokaci-lokaci, malamai su tunatar da su cewa riƙo kaɗai baya sa yaro ya ci gado amma in ba magaji ba ne ana iya masa wasiyya har sulusi, don da yawa ba su sani ba wallahi.

Mai karatu,
Tudun Wada, Gusau