Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Malamin da Ya Tambaye Ni Dalilin Ƙin Cewa "Ciwon Karkarwa"

Assalamu alaikum Malam,

Ranar da muka yi zaman wayar da kai kan cututtukan ƙwaƙwalwa, ka miƙe a gaban jama'a ka tambaye ni don me nake ta nanata "cutar Parkinson", sunan Bature, alhali ga karkarwa ga makyarkyata a bakinmu. Lokaci ya ƙure ban ba ka amsa yadda ya kamata ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ba Hausa nake gudu ba, sunan "ciwon karkarwa" ne ke ɓatar da mutane, kuma ba mu muka fara wannan tuntuɓen ba. James Parkinson, likitan Landan da ya bayyana cutar a 1817 bayan ya lura da mutum 6, sunan da ya ba ta ma'anarsa shanyewar jiki mai karkarwa. Sai da aka yi shekaru fiye da 50 kafin Charcot, likitan jijiyoyi a Faris, ya nuna cewa jikin ba shanyewa yake yi ba, kuma ba kowane mai cutar ke karkarwa ba. Shi ya laƙaba mata sunan Parkinson.

Jigonta jinkirin motsi ne da sandarewar gaɓoɓi. Ƙwayoyin da ke samar da sinadarin dofamin, mai taimakawa wajen daidaita motsin jiki, a can cikin ƙwaƙwalwa ne ke mutuwa sannu a hankali. Ka zauna da mai ita ka gani: tashi daga kujera sai ya yunƙura sau biyu ko uku, maɓallin riga ya zame masa aiki, rubutunsa na ƙanƙancewa kafin ya kai ƙarshen layi, hannu ɗaya ya daina lilo in yana tafiya. Fuska ta daskare, har iyali su ɗauka fushi yake da su. Wannan ya fi komai sosa mini rai.

In karkarwar ta zo, tana da nata salon. Hannu na ajiye a cinya take kama shi, babban yatsa na murza manuni kamar mai jan carbi, da ya miƙa hannu zai ɗauki kofi sai ta lafa. Wanda tasa ke tsananta lokacin da kofin ya doshi baki, sau da yawa wata larura ce daban da kan bi jinin gida. Wasu magungunan taɓin hankali da na amai ma kan kawo alamu irin na Parkinson.

Ka ga in na ce "ciwon karkarwa", wanda ba ya karkarwa sai a ce masa tsufa ne, ko a kira ta shanyewar ɓarin jiki, alhali waccan farat ɗaya take faɗowa, wannan kuwa rarrafe take yi shekara da shekaru. Haka mutum zai rasa levodopa, maganin da tun shekarun 1960 yake sassauta alamun, ko da yake ba ya warkarwa.

In ka samo mana kalmar Hausa da ta kama jinkirin nan da sandarewar, ni zan fara amfani da ita.

Wassalam,
Ɗan'uwanka