Wasiƙa daga Guangzhou game da jan shayin ƙasar Sin

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da su Inna. Ya sanyin Damagaram? Ni ma lafiya lau, sai kewar gida.

A cikin kayan da na aiko akwai ƙunshi biyu na shayi, naka ne. Don Allah kada ka zuba shi a buta ka ɗora kan gawayi yadda muke yi wa ataya. Jan shayi ne, ba ya son dahuwa. Itacensa ɗaya da koren ganyen da muke sha a majalisa, aikin ne daban. In an tsinko sai a baza shi ya yi yaushi, a murje shi, a bar shi ya sha iska har ya rine, sannan a busar. Shi kore tun da wuri ake gasa shi, don kada ya rine.

Ƙunshin farko daga lardin Yunnan yake, Dianhong suke ce masa. Zuba kaɗan a tafin hannunka ka duba, toho ne zalla, mai gashi-gashi ruwan zinare. Ruwansa na da kauri a baki, ga wani zaƙi irin na gasasshen dankalin Hausa, ko sukari ba ka sa ba. Gaskiya shi na fi so. Na biyun daga ƙauyen Tongmu ne, a duwatsun Wuyi na lardin Fujian, inda ake cewa can aka fara jan shayi. Turawa na kiransa Lapsang Souchong. Da hayaƙin wani itace mai ƙaro da ake kira fayin ake busar da shi, saboda haka kana kwance ƙunshin za ka ji ƙauri. Ba lalacewa ya yi ba. Na so haɗa maka da Keemun na lardin Anhui, wanda aka fara yi a 1875, amma mai kyansa ya yi mini tsada a kasuwar Fangcun.

To ga yadda ake haɗawa. Tafasa ruwa, ka sauke, ka bar shi ya huce kamar minti 2. Ɗauraye buta da kofuna da ruwan zafi. Sa ganye giram 5 a butar, ka zuba masa ruwa daidai cikin kofin ataya biyu. Bayan daƙiƙa 15 ka tsiyaye shi tas, kada ka bar ko ɗigo a kan ganyen, abin da ke kawo bauri ke nan. Ganyen zai yi maka zubi biyar ko shida, kowane karo kana ƙara masa ɗan lokaci. Zubi na biyu da na uku su ne gwanaye, a nan ƙamshin ke buɗewa.

Ka nemi ruwa mai daɗi, na rijiya mai kanwa-kanwa kashe shi yake. Ka kuma rufe ganyen a gwangwani nesa da turare da kayan yaji, don yana kwasar wari. Madara da sukari kuwa, ka haƙura da su a kofin farko, ka ji shi tsuransa tukuna.

In kun sha, ka rubuto mini wanda Inna ta zaɓa, sai in ƙaro mata kafin azumi. Ka gaida 'yan majalisa duka.

Wassalam,
Naka amininka